Idan aka rufe makarantar unguwa, ina yaran suke komawa?

Baban Ilham (Shikago):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun shekaranjiya nake bin maganar da ake yi cewa gara gwamnati ta rufe ƙananan makarantun cikin gari, ta gina manya guda biyu ko uku masu bene da kwamfutoci, a tara yara a can. Na ga da yawa sun ce madalla. To ni a garin da aka gwada wannan nake zaune, kuma a idona aka yi, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ranar 22 ga Mayu 2013 hukumar ilimi ta birnin Shikago ta kaɗa ƙuri'ar rufe makarantun gwamnati 50 a zama ɗaya, kusan dukkansu firamare. Ba a taɓa rufe masu yawan haka lokaci guda a tarihin Amurka ba. Magajin gari a lokacin Rahm Emanuel ne, kuma shi ya naɗa 'yan hukumar da hannunsa, ba jama'a suka zaɓe su ba. Hujjarsu biyu ce: akwai giɓin kusan dala biliyan 1 a kasafin makarantu, sannan akwai kujeru wajen 100,000 da babu yaran da za su zauna a kai. Yara kusan 12,000 aka tasa, kashi 88 cikin 100 baƙaƙen fata ne, daga kudanci da yammacin birnin inda talakawa suke. An yi wa iyaye alƙawarin kowane yaro zai koma makarantar da ta fi tasa kyau.

Kafin mu ce a yi mana irinsa a Kano ko Kaduna, a tambayi waɗanda aka yi wa.

Akanta Abuja:
Wa alaikumus salam. Yaya, da bakinka ka faɗi hujjar ai. Kujeru 100,000 babu kowa. Direban da motarsa ke ɗaukar mutum 18 ya tashi daga Kano zuwa Abuja da fasinja biyar, man da zai sha ɗaya ne, kuma a aljihun wani za a cire. Gini yana cin wuta, yana cin mai gadi da mai shara, a ƙasarku ma har da na'urar ɗumama ɗaki. Kuɗin da ake kashe wa bango ai na littafi ne da albashin malami. Ni ban ga zalunci a nan ba, lissafi na gani.

Baban Ilham (Shikago):
@Akanta, ƙanena, lissafin gaskiya ne, yara sun ragu. Tsakanin 2000 da 2010 baƙaƙen fata kusan 180,000 suka bar birnin. Amma ka tambaya mana, me ya kore su? Gwamnati ce da kanta ta rushe gidajen talakawa. Robert Taylor Homes kaɗai benaye 28 ne masu hawa 16, akwai lokacin da mutum 27,000 ke zaune a ciki, zuwa 2007 babu ko ɗaya a tsaye. Cabrini-Green ma an kayar da benensa na ƙarshe a 2011. Sannan tun 2004 aka shiga buɗe sababbin makarantu, yawancinsu irin waɗanda gwamnati ke biya amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa, a unguwannin da yara ke raguwa ɗin. Ka kwashe mutanen unguwa, ka buɗe wa makarantarsu kishiya a bayan layi, ka dawo ka ce ai makarantar ba ta cika ba.

Kuma ka san da me suka auna cikar? Yara 30 a aji. Wanda bai kai ba sai a ce yana ɓarnar wuri.

Maman Sadiq (Kano):
Yara 30?! Innalillahi. Ajin Sadiq sun haura ɗari, wasu a bakin taga suke zama. Ku aiko mana da kujerun nan naku don Allah.

Tsohon Hedimasta (Zariya):
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma maganar 'yata Maman Sadiq, duk da cikin raha ta yi ta, ita ce bambancinmu da su. Su yara suka rasa, mu wuri muka rasa. Gwamnan Kano da bakinsa, ranar da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, ya ce miliyoyin yara a ƙasa suke zama. Saboda haka a biranenmu babu mai zuwa ya ce zai rufe makaranta don babu ɗalibai. Tamu rufewar ta wata ƙofa take shigowa. Iska ta yaye kwano, a ce yara su koma makarantar maƙwabta kafin a gyara, gyaran ya ƙi zuwa. Ko a yanki filin wasa a ce za a yi shaguna don makaranta ta samu kuɗin shiga. Bana shago goma a jikin katanga, baɗi ashirin, wata rana ka nemi makarantar a bayan shaguna ka rasa ƙofarta.

Ni ina cikin yaran da aka ɗauka koyarwa bayan an fara shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Abin da ya sa shirin nan ya shiga gidajen da a da ko sunan boko ba a so a ji, shi ne an kai makarantar bakin ƙofar mutane. Uba yana zaune a dakali yana hango tutar makaranta. Yaro ya yi fashi kwana biyu, in tura monita gidansu, kafin a tashi tara ya dawo min da labari: zazzaɓi ne, ko an tura shi kasuwa. In kasuwa ce, bayan la'asar in bi ta wajen mai unguwa mu je mu sami uban tare. Hedimastan da ke riƙe da yara dubu huɗu daga unguwa takwas, wa zai aika, gidan wa?

Akanta Abuja:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma yanzu akwai waya ai. Kuma babbar makaranta za ta iya riƙe malamin lissafi na gaske, da ɗakin gwaje-gwaje, da ɗakin karatu. Ƙaramar da ke da malamai huɗu, ɗaya na jego, ɗaya ya tafi bin albashi sakatariya, me yaro zai koya don tana kusa da gida?

Tsohon Hedimasta (Zariya):
Ɗana, wayar da kake faɗa tana hannun uban, uban yana Legas yana dako. Amma maganarka ta biyu tana da nauyi, ba zan musa ba. Na riƙe irin wannan makarantar, na san kunyar da ke ciki.

Malamar Jami'a:
Barkanku da warhaka. Tambayar Akanta ita ce aka yi ta bincike a kai, domin alƙawarin kenan, cewa karatun yaran zai gyaru. Akwai cibiyar binciken makarantu a Jami'ar Shikago da ta bi sawun yaran, ta fitar da rahoto a 2015 da kuma 2018.

A na farko an ga cewa mafi yawan yaran, fiye da kashi 90, sun koma makarantun da a takarda suka fi nasu matsayi. Sai dai ɗaya cikin biyar ne kawai ya samu shiga makarantun da ke sahun farko, sauran fifikon kaɗan ne. Kuma kashi ɗaya cikin uku na iyayen ba su kai 'ya'yansu inda hukuma ta tura su ba. Da aka tambaye su, abin da ya fi yawa a bakinsu shi ne kusanci da gida da tsaron hanya. Akwai waɗanda suka zaɓi makarantar da ba ta kai wadda aka ba su ba, saboda ita yaro zai iya zuwa da ƙafa.

Na 2018 shi ya fi ba ni tausayi. Makin jarrabawar yaran ya fara faɗuwa tun shekarar da aka sanar za a rufe, tun ba a rufe ba. An fara da jerin makarantu 330 da aka ce ba su cika ba, aka rage zuwa 129, aka rage zuwa 54, aka rufe 50. Wata da watanni malami yana koyarwa bai san ko yana da aiki baɗi ba, uwa ba ta san inda ɗanta zai kasance ba. Giɓin da aka samu a darasin lissafi ya bi yaran har shekara huɗu. Malaman da aka zanta da su sun ba da labarin littattafai da kayan aiki da suka salwanta wajen kwasa, da rashin jituwa tsakanin yaran gida da baƙi a makarantun da suka karɓe su. An kai na'urorin sanyaya ɗaki da iPad makarantun da suka karɓi yaran, wannan an yi. Amma karatun da aka ce zai ɗaga, bai ɗaga ba.

Akanta Abuja:
Na gode Malama. To wannan ai laifin yadda aka yi ne, ba laifin rufewar ba. Da an yi a hankali, biyar bana, biyar baɗi?

Malamar Jami'a:
Sun yi a hankalin ma kafin 2013, shekara goma suna rufe kaɗan-kaɗan. Binciken da aka yi kan waɗancan ya nuna yaro yana amfana ne idan ya faɗa makaranta mai ƙarfi sosai, kuma kaɗan ne suka faɗa. Makarantu masu ƙarfin ba a unguwar talaka suke ba, kuma a cike suke.

Maman Sadiq (Kano):
Ku bar ni in faɗi nawa, don abin da Baba Hedimasta ya kwatanta a kanmu ya faru. Ba zan faɗi sunan makarantar ba. Ruwan sama da iska suka ɗauke rufin azuzuwa, aka ce a kwashe yaran zuwa wata, na ɗan lokaci. Waccan a tsallaken babban titi take, mai hannu biyu da shingen ƙarfe a tsakiya. Gadar masu ƙafa tana can gaba, sai ka yi tafiya kafin ka kai, to yaro ba zai bi ba, ta ƙarƙashin shingen yake kutsawa. Ni da idona na ga yarinya ba ta fi shekara takwas ba, ta goya ƙaninta, jakar buhu a wuya, ta tsaya a tsakiyar titi tirela na wucewa gaba da baya, hijabinta na kaɗawa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Adaidaita kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kun san yadda take. Mai yara huɗu, zuwa da dawowa, ga kuɗin tara. Maƙwabcina sai ya zaɓa: maza biyu su ci gaba, matan su zauna sai an gyara ta kusa. Babbar yanzu tallan gyaɗa take yi.

Sannan mu mata an kashe mana sana'a. Ni awara nake soyawa, a da ƙarfe tara yarinyata ta kai bokiti bakin makaranta, kafin a koma aji ta ƙare. Layinmu kaɗai akwai mai ɗanwake, mai alala, mai ƙanƙarar zoɓo, duk matan aure ne da ba sa fita, makarantar nan ce kasuwarsu. Da ita ake zubin adashi, da ita ake sayen sabulu da omo. Can inda aka mai da yaran akwai masu sayar da nasu, ba za su matsa maka ba.

'Yar Yerwa:
Wayyo Anti, Allah ya kawo mafita. Kin tuna min da namu.

Maman Sadiq (Kano):
Amin 'yar'uwa. Ban ma gama ba. Islamiyyar yamma a azuzuwan take, ta watse, malamin yanzu a soron wani yake da rabin yaran. Akwatin zaɓenmu a can yake. Masu ɗigon shan inna a can suke zama. Samari a filin suke ƙwallo bayan la'asar. Yanzu an cire tagogi, an cire ƙofofi, har allon bango an farfasa. Da magariba ba mai bi ta wajen, 'yan shaye-shaye sun mai da ajin 'yan aji ɗaya majalisarsu, wayoyi nawa aka ƙwace a lungun. Gidan da ke jikin katangar mai shi ya sa shi a kasuwa.

Jagoran Matasa:
Duk wannan laifin gwamnatin baya ce!! Su suka sayar da filayen makarantu da na maƙabartu. Kowa ya sani. Amma in an faɗa ku ce siyasa.

Admin:
Jagora, mun yi da kai. Dokar zaure ta hana jam'iyya. Wanda ya sake zan cire saƙon. A ci gaba.

Baban Ilham (Shikago):
Maman Sadiq, wallahi kamar kina ba da labarin Englewood, wata unguwar talakawa a kudancin Shikago. Maganar hanya ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali a nan. Ku titi ne da tirela, da faɗan daba tsakanin unguwa da unguwa. Nan ma ƙungiyoyin 'yan daba kowace da layinta, kuma da bindiga. Yaro ba sai yana cikinsu ba, sunan layinsu kaɗai ya isa a tare shi. A watan Satumban 2009 aka kashe wani ɗalibi mai shekara 16, Derrion Albert, da duka, a hanyarsa ta komawa gida daga makarantar Fenger, a faɗan da ba nasa ba. Mutanen yankin da yawa sun danganta rikicin da mai da sakandaren unguwar Altgeld Gardens makarantar horon soja da aka yi, abin da ya tura yaran unguwar zuwa Fenger, cikin unguwar da ba sa ga maciji da ita. Iyaye suna da wannan a rai lokacin da aka zo musu da maganar 2013.

Gaskiya hukuma ta yi wani abu a kai. An ɗauki ɗaruruwan mutanen unguwa aiki, ana ba su riga mai ruwan ɗorawa, safe da rana suna tsaye a kusurwar layi suna kallon yara har su wuce. Kuma bincike ya nuna laifuka sun ragu a hanyoyin da suke tsayawa. Wanda sabuwar makarantarsa ta yi nisa an ba shi mota. Amma ku dubi abin: an rufe makaranta don a rage kashe kuɗi, an dawo ana biyan mutane su yi gadin hanyar da yaro bai taɓa buƙatar bi ba. Kuma a watan Janairu a garin nan, sanyin da ke daskarar da ruwan hanci, ƙarin layi shida ga ɗan shekara shida ba wasa ba ne. Wata maƙwabciyata, kaka ce ke riƙon jikoki uku, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi. A da ta sauko daga aiki ta tsaya a ƙofa ta ga shigarsu makaranta, ta kwanta. Bayan an rufe, sai ta raka su ta dawo, barcin ya zama rabi. Shekara ba ta zagayo ba ta tattara ta koma jihar Indiana wajen 'yarta.

Akanta Abuja:
To gine-ginen fa? Ai ko sayar da su aka yi an samu wani abu.

Baban Ilham (Shikago):
Nan ne ma abin haushin. A 2023, da abin ya cika shekara goma, 'yan jaridar garin suka bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya, suka tarar fiye da rabi suna nan a kulle, an toshe tagogi da katako, ciyawa ta cinye filin wasa. Waɗanda suka samu masu saye da wuri su ne na unguwannin da ƙasa ke da tsada. Makarantar Stewart da ke Uptown, a arewacin birnin, yanzu gidajen haya ne na masu hali. Na kudu da yamma wa zai saya? Kuma ginin da ke kulle ma sai an biya mai gadi.

Wani abin kuma, matar da ta jagoranci rufewar, Barbara Byrd-Bennett, a shekarar ce dai aka ba wani kamfanin da ta taɓa yi wa aiki kwangilar fiye da dala miliyan 20 ba tare da an buɗe ta ga kowa ba, da yarjejeniyar kashe-mu-raba. Ta amsa laifinta a kotu a 2015, aka yanke mata shekara huɗu da rabi a 2017. Ka je ka gaya wa uwar da aka ce wa babu kuɗin riƙe makarantar ɗanta.

Jagoran Matasa:
Ashe har can ana yi 😂

'Yar Yerwa:
Ni malamar sakandare ce a Maiduguri, namu ba kuɗi ne ya rufe su ba, tsoro ne. Bayan kisan ɗalibai a Buni Yadi a watan Fabrairun 2014, gwamnatin Borno ta rufe makarantu a watan Maris. Kafin a ankara mutanen Bama da Gwoza da sauran garuruwa sun cika gari, aka zuba su a makarantun, har da Kwalejin Gwamnati da makarantar 'yan mata ta Yerwa. Ba wanda zai ce kada a ba su wuri, 'yan'uwanmu ne, ba su da inda za su. Amma wasu makarantun sai 2016 aka buɗe su, bayan an mai da mutanen sansanonin Bakassi da Dalori.

Abin da nake so Akanta ya ji shi ne abin da muka tarar ranar da aka buɗe. Na ɗauki tsohuwar rajista ina kiran suna. Wance? An yi mata aure. Wance? Tana goyo. Wane? Yana jan keke Napep. Wane? Ya tafi Legas. Masu hali tuni sun mai da nasu makarantun kuɗi, ba su dawo ba, kuma su ne iyayen da a da suke zuwa taron iyaye da malamai su ɗaga murya a gyara famfo. Ginin an buɗe, an yi fenti. Mutanen da suke riƙe da makarantar ne ba su dawo ba. Da ambaliyar Alau ta zo a Satumban 2024 aka sake zuba mutane a makarantu, gabana ya yi ta faɗuwa, Allah ya taimaka wannan karon bai daɗe ba.

Akanta Abuja:
Allah ya kiyaye gaba Malama. Amma naku dole ce ta sa, ba wanda ya zauna a ofis ya zaɓa. Kuma Borno ɗin ce daga baya ta gina manyan makarantun nan da kowa ke yabo.

'Yar Yerwa:
An gina, kuma suna da kyau, marayu da yawa sun samu wuri. Amma ƙari aka yi a kan waɗanda ke akwai. Ba a rufe ta unguwarku an ce ka tafi can ba. Kada a haɗa biyun.

Tsohon Hedimasta (Zariya):
Alhaji Baban Ilham, mutanen ba su yi magana ba ne? Ƙasar da ake cewa kowa na da baki?

Baban Ilham (Shikago):
Sun yi, ranka ya daɗe. An yi zaman jin ra'ayi ba adadi, iyaye da yara suna kuka a gaban makirufo, kowa minti biyu. Ƙungiyar malamai ƙarƙashin Karen Lewis ta cika titi da zanga-zanga. Tsofaffin alƙalan da hukumar da kanta ta ɗauko su saurari ƙorafi sun ce aƙalla makarantu goma kada a rufe su. Huɗu kawai aka bari. Ranar da aka fitar da jerin sunayen a watan Maris, magajin garin yana jihar Utah yana hutu da iyalinsa.

Inda suka ci nasara shi ne sakandaren Dyett a unguwar Bronzeville. An bar ta ta mutu a tsaye, an hana ɗaukar sababbin ɗalibai, har ajin ƙarshe da ya fita a 2015 yara 13 ne. Sai iyaye da kakanni 12 suka zauna a gabanta suka shiga yajin cin abinci, kwana 34, ana kwasar wasu zuwa asibiti. An sake buɗe ta a 2016, duk da ba irin makarantar da suka nema aka ba su ba, ta fasaha da zane aka yi. A siyasa ma abin ya bi Emanuel, a 2015 sai da aka je zagaye na biyu kafin ya ci zaɓe. A 2023 tsohon malamin makaranta kuma ɗan ƙungiyar malaman, Brandon Johnson, ya zama magajin gari, a Nuwamban 2024 kuma aka fara zaɓen 'yan hukumar ilimi da ƙuri'ar jama'a.

Akanta Abuja:
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min. Ɗaliban Shikago sun haura 400,000 a 2013, yanzu ba su kai 330,000 ba. Ginin da aka yi wa yara 600 ya koma 150, a bar shi har abada? Wa zai biya? Ba za a ce ba a taɓa rufe makaranta ba ko da yaro ɗaya ya rage.

Malamar Jami'a:
Ba wanda ya ce har abada. Amma ka sa a lissafinka cewa rufewar ma tana korar mutane, sai ta kusa da ita ta ragu, ita ma a zo kanta. Kuma gini ba dole aji kaɗai ba. Rabin da ba a amfani da shi a sa asibitin sha-ka-tafi, ko ajin manya, ko renon yara, kowa ya biya nasa kason wutar.

Akanta Abuja:
Wannan a takarda yana da daɗi Malama. Ma'aikatar lafiya da ta ilimi su haɗa gini ɗaya su raba kuɗin wuta? A Najeriya? Sai na gani.

Maman Sadiq (Kano):
Ku dai ku yi ta lissafinku. Baba Hedimasta, ni tambayata, jiya an ga wasu mutane da igiyar awo a filin makarantar tamu, ba wanda ya san daga ina suke. Wajen wa za mu?

Tsohon Hedimasta (Zariya):
'Yata, kada ku kwana. Ki sa maigidanki ya sami mai unguwa da liman yau ɗin nan. A nemo shugaban kwamitin makarantar na unguwa, ko makaranta ba ta aiki kwamitin bai rushe ba. A rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a yi kwafi ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da hakimi da ɗan majalisarku. A tambayi abu biyu kawai: yaushe za a yi rufin, kuma wa ya turo masu awo. Kada mutum ɗaya ya kai, ku je da yawa, har da mata, kuma kada ku baro ofis sai an buga muku hatimi a kwafinku da kwanan wata. A ɗauki hoton filin ta kowace kusurwa tun ba a zuba bulo ba. Sannan malamin Islamiyyar nan ya mai da yaransa ko aji ɗaya ne mai sauran rufi, ku haɗa kuɗi a sa ƙofa.

Maman Sadiq (Kano):
To Baba, na gode, Allah ya saka da alheri. Mai unguwar ne dai ban sani ba ko da shi aka zo awon.

Tsohon Hedimasta (Zariya):
To ku fara da liman.